Arha Ba Ta Ado? Tarke a Kan Ƙananan Finafinan Ɓarayi na Ingila

A hutun da ya wuce na tafi gida Dandin Mahe da wata 'yar kwamfuta ta aro, a cikinta akwai tsofaffin finafinan Turawan Ingila goma sha biyu, dukkansu baƙi da fari, dukkansu kuma na ɓarayi da 'yan sanda ne. Niyyata in kalle su ni kaɗai saboda wannan takarda. To amma duk wanda ya san zauren ƙauye bayan sallar isha'i ya san ba a cin abu a ɓoye. Kafin a kwana uku mun zama mu takwas a kan tabarma, har da kawuna, wanda ya ce rabonsa da ganin Bature yana motsi a cikin baƙi da fari tun zamanin da motar majigi ke tsayawa a ƙofar gidan hakimi. Ni na zama mai fassara, irin mutumin nan da ke riƙe lasifika a gefen allo. Abin da zan faɗa a nan rabinsa nawa ne, rabinsa na 'yan zauren.

Sai mu fara da asalin abin, don a gane dalilin arharsa. A 1927 majalisar Ingila ta ga finafinan Amurka sun cinye kasuwar ƙasarta, sai ta yi doka cewa tilas kowane gidan silima ya nuna wani kaso na finafinan gida. An fara da biyar cikin ɗari, aka yi ta ƙarawa har ya kai ashirin cikin ɗari a 1936. Dokar ta faɗi yawa, ba ta faɗi kyau ba. Kamfanonin Amurka masu rarraba fim suka ga hanya mafi sauƙi ita ce su ba ƙananan masu shirya fim na Ingila kwangila, a kan farashin da ya shahara, wato wajen fam ɗaya a kowace ƙafa ta zaren fim. Minti ɗaya yana cin ƙafa casa'in. Ashe fim na awa guda bai wuce fam dubu biyar da 'yan ɗaruruwa ba, a ciki ne za a biya marubuci da 'yan wasa da hayar ɗaki, mai kwangila kuma ya fitar da ribarsa. Har ana ba da labari, ko gaskiya ko ba'a, cewa wasu gidajen silima na Landan sukan nuna irin waɗannan da sassafe ga masu shara, don dai a ce an cika doka. Duk da haka a cikin wannan kwata ce Michael Powell ya koyi aiki, ya yi finafinai fiye da ashirin tsakanin 1931 da 1936, kafin ya zama ɗaya daga cikin manyan darektocin ƙasar.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya sake kama. A lokacin mai tikiti ɗaya fim biyu yake kallo, ƙarami a gaba, babba a baya. Ƙaramin shi ne namu. Aikinsa ya cika awa ɗaya yayin da mutane ke shigowa suna neman kujera, kuma kuɗinsa ƙayyadadde ne, ko ya yi kyau ko ya yi muni. Me ya sa kuwa labarin ɓarayi ya fi yawa a cikinsu? Don shi ne mafi arha. Ba ya bukatar dawaki ko fada ko mayaƙa dubu. Ofis ɗaya, mota ɗaya, wayar tarho, mutum biyu da malafa da rigar ruwa, shi ke nan an haɗa kaya.

Kada in ɓoye wa mai karatu: mafi yawansu ba su da kyau. Cikin goma sha biyun da na je da su, biyar ba mu kai ƙarshensu ba, mutum biyu suka yi barci a kan na shida. Mafi shahara a wajen wannan ɓarna su ne wasu 'yan'uwa biyu Amurkawa, Edward da Harry Danziger, waɗanda suka buɗe gidan shirya fim nasu a Elstree a 1956. Sukan gama fim cikin kwana goma ko ƙasa da haka. Marubucinsu Brian Clemens ya sha ba da labarin yadda sukan nuna masa ɗakunan da suka rage daga wani aiki, su ce ya rubuta labarin da zai shiga cikinsu. Wato an ɗinka riga, sa'an nan a nemo mai wuyan da zai dace da ita. Alamun irin wannan fim ba su ɓuya. Sufeto ya shigo ɗaki, ya cire malafa, ya yi tambaya, ya mayar da malafa, ya fita. A nuna mota ta tashi, a nuna ta tana tafiya, a nuna ta tsaya, a nuna an rufe ƙofarta. Sa'an nan sufeto ya koma ofis ya gaya wa sajansa abin da mu masu kallo muka gani da idonmu minti biyu da suka wuce. Wannan ba ba da labari ba ne, awon ƙafa ne, irin na mai kwangilar da ake biya da tsawon hanya.

Akwai kuma wata cuta ta biyu, ita ce kwaikwayon Amurka. Kamfanoni irin su Hammer, kafin su koma finafinan dodanni, sukan ɗauko ɗan wasan Amurka wanda tauraronsa ya fara dusashewa su ɗora shi a kan labarin, don fim ya sayu a can. Sai ka ga mutum yana magana ta hanci a tsakiyar wani ƙauyen Ingila, ba wanda ya tambaye shi daga ina. 'Yan'uwana ɗalibai da suka ƙoshi da littattafan James Hadley Chase sun san wannan ɗanɗano, domin shi ma mutumin Landan ne da ya riƙa rubuta Amurkar da ya fi sani a taswira. Da aka mayar da littafinsa No Orchids for Miss Blandish fim a Ingila a 1948, da 'yan wasan gida suna karya harshe, jaridun ƙasar suka yi masa ca, wasu don rashin kunyarsa, wasu don rashin kyansa. A ganina na biyun sun fi gaskiya.

To ina adon yake? Yana cikin 'yan kaɗan da suka karɓi talaucinsu suka yi aiki da shi. Zan daɗe a kan ɗaya, domin shi ne ya hana zaurenmu tashi har ƙarfe goma sha ɗaya.

Sunansa Strongroom, wato ɗakin ajiyar banki, na Vernon Sewell, 1962. Samari uku sun shiga wani ƙaramin banki ranar Asabar ta hutun Ista, bayan an tashi aiki. Suka kwashe kuɗi, suka kulle manaja da sakatariyarsa a cikin ɗakin ajiya, suka fita lafiya. Da wani fim ne, daga nan sai tseren mota. A nan kuwa sai ɗayansu ya yi lissafi: ba za a buɗe banki ba sai Talata, ɗakin kuma iska ba ta shigarsa. Dokar Ingila ta 1957 ta rage laifuffukan kisa da ake rataye mutum a kansu, amma ta bar kisan da aka yi a cikin sata. Ashe in mutanen nan biyu suka mutu, ba kurkuku ke jiransu ba, igiya ce. Suka shirya ɗaya ya kai mabuɗan wani wuri ya buga wa 'yan sanda waya ba tare da faɗin suna ba. A kan hanya ya yi haɗarin mota ya mutu, mabuɗan suka tafi tare da kayan gawa. Saura biyu ke nan, da kuɗi a hannu, da hanya a buɗe, da agogo yana tafiya. Sai su zaɓa: su gudu, ko su koma su fasa bankin da suka riga suka fasa, wannan karon don su ceci rai.

Dubi zubin labarin nan da kyau. Ba a ƙara ko kwabo a kan kuɗin fim ba, amma an sami abin da manyan finafinai ke nema da miliyoyi su rasa. Ɗaki ɗaya rufaffe, wanda shi ne mafi arhar abin da mai fim zai gina, ya zama shi ne dodon. Kowane minti da ya wuce iska ce ta ragu, saboda haka ba inda za a cusa tafiyar mota ta banza. Har jinkirin 'yan sanda da na abokan manaja, da ke jiransa a filin wasa suna cewa ƙila ya makara ne, ya zama azaba ga mai kallo maimakon cikon lokaci. Sa'an nan ga babban abin: mai kallo ya wayi gari yana roƙon Allah ɓarayi su yi nasara. Wani ƙanena da ke zauren, wanda da farko ya ce a kashe a sa na Indiya, shi ne ya riƙa ce wa Derren Nesbitt ya yi sauri, kamar yana jinsa. Da aka buɗe ƙofa aka tarar yarinyar ta cika, fim ya tsaya cak a nan, ba wa'azi, ba kotu. Zaure ya yi tsit. Kawuna ya daɗe bai ce kome ba, can ya ce, "Wanga shi ne fim. Sauran duk tahiya da dawowa ce."

Sewell ya riga ya gwada wannan dabara a 1961 cikin The Man in the Back Seat, wanda bai cika awa ɗaya ba. Samari biyu sun bugi wani mai karɓar kuɗin caca a filin tseren karnuka, sai suka tarar jakar kuɗin an ɗaure ta da sarƙa a hannunsa. Dole suka jefa shi bayan mota a sume, suka kwana suna yawo da shi a titunan Landan, ba su iya yar da shi ba, ba su iya kai shi asibiti ba. Jigon ɗaya ne da na farkon: ɓarawo ya ɗauki abin da ya fi ƙarfin ajiyarsa.

Na biyu a wurina shi ne Cash on Demand na kamfanin Hammer, 1961, wanda aka ce bai ci fiye da fam dubu talatin da bakwai ba. Kusan dukkansa a cikin reshen banki ɗaya aka yi shi, ana saura kwana biyu Kirsimeti. Peter Cushing ne manaja Fordyce, mutum mai tsanani, wanda ke duba bakin alƙalami ya ci mutuncin babban akawunsa a kan ƙaramin kuskure. André Morell ya shigo a matsayin wani kanar daga kamfanin inshora, da fara'a da ladabi, ya zauna, ya sanar da manaja a hankali cewa matarsa da ɗansa suna hannun mutanensa. Ba harbi, ba gudu. Fashin duka da baki aka yi shi. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne yadda ɓarawon ya fi manajan sanin darajar ma'aikata: yana tambayar lafiyarsu, yana kula da abin da ke damunsu, alhali maigidansu na shekaru bai san kome game da su ba. Daga ƙarshe ran manajan ya rataya a hannun akawun nan da ya wulaƙanta. Aibinsa ɗaya, ƙarshen ya yi zaƙi da yawa, an ji ƙamshin wa'azin Kirsimeti. Amma wasan mutanen nan biyu darasi ne. Duk ɗan ƙungiyarmu da ke hawa dandamali ya kamata ya kalli hannuwan Cushing kawai, yadda suke gyara takardu a farkon fim da yadda suke rawa a tsakiyarsa.

Zan ambaci Smokescreen na 1964 a gurguje saboda abu ɗaya. Peter Vaughan ne mai binciken inshora, marowaci na ban dariya, mai ƙin hawa tasi, mai ƙirga kwabo. Muna ta yi masa dariya har aka kai wurin da ya je asibiti duba matarsa marar lafiya, muka gane inda kwabban ke tafiya. Minti biyu ne kacal, amma sun juya mutumin gaba ɗaya.

Tsakanin masu kyau da munana akwai babbar runduna ta masu dama-dama, yawancinsu daga gidan fim na Merton Park a kudancin Landan. Can aka yi jerin Scotland Yard, gajeru talatin da tara daga 1953 zuwa 1961, wanda Edgar Lustgarten ke buɗewa yana zaune kamar mai tatsuniya. Can kuma aka yi jerin Edgar Wallace, fim arba'in da bakwai daga 1960 zuwa 1965. Aiki ne mai tsabta irin na tela mai ɗinkin kasuwa: ba ya yagewa, ba kuma ya sa a tambaye ka wa ya ɗinka. A cikinsu Michael Caine da John Thaw suka yi ƙananan fitowa kafin duniya ta san su.

Sunan Wallace ya kawo ni ga abin da masu yabon waɗannan finafinai a Ingila ba su cika faɗa ba, mu kuwa bai kamata mu tsallake shi ba. Wannan Wallace shi ne marubucin Sanders of the River, labarin Baturen mulki mai ladabtar da sarakunan bakin kogi, wanda aka yi fim ɗinsa a 1935 aka ce a Nijeriya abin ya faru, har Paul Robeson da ya fito a ciki ya dawo yana tir da shi. Hankalin da ke cikin Sanders shi ne ke cikin sufeton Scotland Yard: hukuma ba ta kuskure, mai laifi ɗan ƙasa-ƙasa ne ko baƙo, kuma tsari yakan dawo kafin a kunna fitila. Hukumar tace finafinai ta Ingila, wadda aka kafa a 1912, a wancan zamani ba ta son a ga laifi ya biya mai shi, ba ta kuma son a taɓa mutuncin ɗan sanda. Shi ya sa sufeton waɗannan finafinai ba ya cin hanci, ba ya mari, ba ya kama ɗan'uwan wanda ya gudu. Da muka ga wani ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗan fashi hannu rabbana, yana neman izinin shiga, kawuna ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kai ɗana, wanga ɗan sanda ina sandatai?" Na ce masa gaskiya ne 'yan sandan Ingila na yau da kullum ba su ɗaukar bindiga. Bai yarda ba, ni kuma ban matsa ba, domin ga mutumin da ke jin labarin 'yan bindiga daga gabashin Sakkwato da Zamfara kowane mako, wannan ɗan sanda da Gizo duk ɗaya ne.

Abin lura kuma, irin waɗannan finafinai ba su ne majigi ta kawo wa su kawu ba. Sashen fim na mulkin mallaka, wanda aka kafa a 1939 ƙarƙashin William Sellers, tsohon ma'aikacin lafiya a Ikko, ya ɗauka cewa idon baƙar fata ba ya iya bin hoto mai sauri. Saboda haka abin da aka kai ƙauye shi ne tsabtar gida da noman auduga da labarin mai wayo da wawa, a hankali kamar ana koya wa yaro tatata. Bature ɓarawo kuwa, Bature mai tsoron igiya, ba abin da masu mulki ke so talaka ya gani ba ne. Mai son ganin finafinan Ingila da Amurka na kasuwa sai ya je birni, irin su Rex ta Kano da aka buɗe a 1937, kuma ko a can finafinan Indiya ne suka zo suka ƙwace zukata. Ashe kawuna sai da ya tsufa ya fara ganin Bature yana gumi don tsoro, a kan kwamfutar aro.

Ina amfanin wannan duka ga ɗalibin Hausa? Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, masu fim ɗinmu na Kano da Kaduna da Jos aikin arha suke yi, kuma duk lokacin da aka yi musu tarke amsar ɗaya ce: ba kuɗi. Ban musa ba, babu kuɗin. Amma cututtukan da na lissafa a sama na gidan Danziger, ba ɗaya da ban gani a namu ba. Ga motar da za a nuna ta shiga get, a jira maigadi ya rufe. Ga gaisuwar da za a yi ta cikakkiya sau uku a falo uku. Ga wanda zai zo ya ba Hajiya labarin abin da muka riga muka gani. Ga kuma kwaikwayo, su na Amurka, mu na Bombai. Bambancin shi ne Baturen an yanka masa awa ɗaya ba ƙari, mu kuwa da kasuwar kaset ta ce a raba fim kashi na ɗaya da na biyu, yanzu kuma YouTube ke biya da tsawon kallo, ba abin da ke tilasta wa kowa ya yanke. Awon ƙafa ya dawo da sabon suna.

Kuma ba labarin ne muka rasa ba. Abdulƙadir Ɗangambo ya ba mu Kitsen Rogo, yaron ƙauye da birni ya mayar ɓarawo. Gasar da ma'aikatar al'adu ta tarayya ta shirya ta fito da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1982, ɗaya na ta'addanci, ɗaya na fasa-ƙwauri da cin hanci. Na Gagare zai ci kuɗi in za a yi shi yadda yake, wannan gaskiya ne. Amma darasin Sewell bai bukaci daji da bindigogi ba. A daren ƙarshe, bayan an rufe kwamfuta, 'yan zaure suka shiga gardamar yadda za a yi Strongroom a Dandin Mahe. Banki dai aka ce a cire shi. Wani ya ce rumbu, aka ce rumbu yana shan iska. Wani ya ce rijiya. Ƙanena ya ce a'a, a ɗauki ɓarayin shanu biyu da suka kora garke da dare, gari ya waye suka tarar ɗan makiyayi ɗan shekara shida yana biye da su, ya san fuskar ɗayansu, yana kiransa da sunan da ake kiransa a gida. Aka tambaye shi to sai me ya faru. Ya ce shi ma bai sani ba tukuna, amma dai ba za a sa waƙa ba. Kawu ya ce in an tashi yi a ba shi sufeto, da sharaɗin a bar masa sandarsa.